Takwaran Baffa a Cikin Ƙanƙara

Ranar Lahadi ce a farkon damina. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Aliero tun bayan la'asar, yana ta gurnani ya ƙi zubarwa. Sai da na zauna a teburin Hamidu mai shayi a Sabon Garin Jega, na ce a haɗa mini mai kauri, sannan ruwan ya ɓarke. Muka cure a ƙarƙashin rumfar kwano, ba mai iya tafiya, ba abin yi. Rashin abin yin ne ya sa na ciro waya na nuna musu 'ya'yana.

Sunana Shafi'u. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ranar da malamin lissafi ya ce in tsaya da ƙafa ɗaya. Na duba na ga ƙafa biyu gare ni, ƙofa kuma a buɗe take. Daga nan na yi dakon albasa a Aliero, na yi cajin waya, na yi dillancin awaki a karar Jega, na ƙare a kabu-kabu. Abu ɗaya na taɓa zama a kansa ban gudu ba, shi ne auren Mardiyya, 'yar Alhaji Aminullahi mai hatsi na Maiyama.

Shekara bakwai muka yi ba haihuwa. Duk wani saiwa da ɓawo da ke tsakanin Jega da Yauri Mardiyya ta sha. Ta sha rubutu har ta iya bambanta tawadar wannan malami da ta wancan. Sai da muka je wurin wani likita a Birnin Kebbi, ya auna mu duka biyu, sannan ya sa ta fita ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Malam Shafi'u, matarka lafiyarta lau. Mutanenka ne ba su da yawa, kuma waɗanda ke akwai ɗin ba sa son tafiya."

Ni da ban taɓa yin awa ɗaya a zaune ba, ni ne mai rowar tafiya a ciki. Da muka koma gida na faɗa wa Mardiyya ina jiran ta fara haɗa kaya. Ta dube ni ta ce, "To ka biya ni ɗacin da nis sha." Ba ta kuma tafi ba.

Likitan ya ce akwai hanya a Abuja: a ciro ƙwan mace, a haɗa shi da na namiji a waje, in ya kama a mayar da shi mahaifa. Mahaifina Gidaɗo, wanda muke kira Baffa, yana zaune a gefen Aliero da 'yan shanunsa da gonar albasa. Ya ji cewa daga ɗansa matsalar take. Ranar kasuwa ya koro ɗaya daga cikin bijimansa biyu zuwa Jega. Alhaji ya ƙara nasa. Ni na sayar da mashin na koma hawan na haya.

A Abuja Mardiyya ta sha allura har cikinta ya yi shuɗi-shuɗi. Aka ciro ƙwai, aka haɗa, uku suka rayu. Akwai wani akwati da ake kwantar da su a ciki, mai ɗumi kamar jikin mutum, da kamara da ke ɗaukarsu hoto dare da rana. Hotunan kuma kwamfuta ce ke dubawa, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan da ake ta magana a kai a rediyo. Likitarmu, Likita Lubna, ta ce an nuna wa kwamfutar hotunan 'yan tayi dubbai na wasu mutane, aka faɗa mata waɗanda suka zama ciki da waɗanda ba su zama ba, har ta koyi gane alamun da idon mutum ba ya kamawa.

Na ce, "Ashe dillaliya ce."

Ta ce, "Kusan haka. Sai dai ba ta karɓar la'ada."

Dillaliyar ta ba 'ya'yanmu maki cikin goma. Ɗaya ya ci takwas, ɗaya biyar, ɗaya biyu. Likita ta ja mana kunne cewa makin nan hasashe ne kawai. Na'urar ba ta san mace ko namiji ba, ba ta san mai hankali ko marar kunya ba, tana dai faɗin wanda ya fi kama da waɗanda suka saba kamawa. Daga nan aka daskarar da su a cikin wani tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi, aka ce mu koma gida jikin Mardiyya ya huta, mu dawo a dasa guda ɗaya. Kafin mu taso na roƙi hotunan a wayata.

Su ne na nuna a teburin shayi ranar da ruwa ya tsare mu.

Hamidu ya karɓi wayar da hannu mai maiƙo, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. "Shafi'u, wanga ai ƙwai ne da anka fasa a kasko ba a kaɗa ba."

"Ɗana ne, ka iya bakinka."

Munir, abokin kabu-kabuna, ya fizge wayar. Ya tsaya a kan mai maki biyar, wanda gefensa ɗaya ya ɗan yamutse. Ya fashe da dariya har ya ƙware. "Wallahi Baffanka ne! Dubi yadda ya ɗaure fuska. Haka yake yi in an taya saniyarshi da arha."

Na duba. Gaskiya akwai kama. Mai maki takwas kuwa kewayayye ne sumul, ya cika fam, Munir ya ce wannan ya ci ya ƙoshi, sai Alhajin Maiyama. Na ƙarshen, mai biyu, ɗan ƙanƙani ne a takure gefe guda, kowa ya yarda Hamidu ne. Hamidu ya ce ya karɓa, amma daga yau takwaransa ne zai riƙa biyan shayina. Na rubuta sunayen a kan hotunan da jan rubutu, muka yi dariya, ruwa ya ɗauke. Munir ya ce in tura masa ya nuna wa matarsa. Matarsa kuwa 'yar Aliero ce.

Kafin tsakiyar mako Baffa ya aiko in zo.

Na hau mashin ɗin haya na nufi Aliero ina tsara ƙarya a hanya. Na tarar da shi a gindin rumbun albasa, yana tsince waɗanda suka fara ruɓewa. Bai ɗago ba sai da na gama gaisuwa. Da ya ɗago sai na ga idonsa ya yi ja, irin jan da ba na faɗa ba.

Ya ce, "An ce ka yi mani takwara."

Na ce, "Baffa, wato..."

"Tun kana yaro ba ka taɓa yin abin da yas sa ni farin ciki ba. Ko igiyar shanu in na ba ka sai ka ɓatar." Ya share hanci da bakin rawani. "Ashe kana tunawa da ni. Tun yaro bai zo duniya ba. Allah shi yi maka albarka."

Wannan ne karo na farko da ya sa mini albarka ba tare da an roƙe shi ba. Ta ina zan fara gaya masa cewa saboda yamutsar fuska ne? Na ce amin. Ya sa aka kawo mini fura mai nono da yawa.

Da abin ya tsaya nan da lafiya lau. Amma ina da ƙane, Usama, ɗan jami'a, wanda Allah ya yi shi da son bayani. Shi ne ya zauna kusa da Baffa da yamma ya nuna masa ƙananan lambobin da ke ƙasan hotunan. Ya ce wannan biyar ɗin takwaransa ne ya ci, wancan takwas ɗin na Alhaji ne, kuma likita za ta fara dasa mai takwas. Takwaran Baffa zai zauna a ƙanƙara sai in an ga hali.

Baffa ya ce, "Biyar cikin nawa?"

"Cikin goma."

"Na Maiyama hwa?"

"Takwas, Baffa."

An ce daren nan bai ci tuwo ba.

A Maiyama labarin ya isa ta wata fuskar. Alhaji Aminullahi ya sa aka wanke masa hoton takwaransa babba, aka sa a gilashi, ya rataye a shagonsa sama da buhunan gero. Duk wanda ya zo sayen tiya ɗaya sai ya ji cewa kwamfutar Turawa ta auna jinin gidaje biyu ta faɗi gaskiya. Na je na yi masa bayani cewa duka ukun jinin gidajen biyu ne, rabi da rabi. Ya ce ya sani, amma a wannan nasu rabin ne ya yi rinjaye, ga shi nan ana gani a kumatu.

Baffa ya aiko cewa takwaransa za a fara dasawa. Alhaji ya aiko cewa ba za a yi wasa da cikin 'yarsa don a faranta wa wani rai ba. Ni ina tsakiya, ina kai saƙo Aliero da safe, ina kai amsa Maiyama da yamma, ina rage wa kowane saƙo zafi a hanya, mai mashin kuma yana jiran balas. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne, guzurin dashe ɗaya kawai ya rage mana. In wannan bai kama ba, babu na komawa.

Daga ƙarshe aka shirya zama a gidana a Jega, don kada a ce wani ya bi wani gida. Na shimfiɗa tabarma biyu iri ɗaya a tsakar gida. Mardiyya tana ɗaki bayan labule. Tsofaffin suka gaisa, suka tambayi iyali, da ruwa, da shanu, da kasuwa, suka sake komawa kan iyali, har shayi ya huce.

Baffa ne ya fara. "Alhaji, ni ban yi boko ba. Amma tun ina saurayi nike zaɓen karsana, ban taɓa sayen wadda dillali ya fara yabawa ba. Tambayi ɗanka ga shi nan, ya yi dillanci. Wadda anka fi wankewa ita ce mai tari."

Duka suka juyo gare ni. Na ce haka ne, amma awaki na yi.

Alhaji ya yi murmushi. "Gaskiya ne, Malam Gidaɗo. Sai dai wagga dillaliya ba ta san ni ba, ba ta san ka ba. Ta duba, ta hwaɗi abin da ta gani. Ni ban roƙe ta ba."

"Ta taɓa shafa bayan saniya?"

"Ba saniya muka zo saye ba."

"Gidanmu ba a tsallake babba a ɗauki ƙarami."

"To wane ne babba? Rana ɗaya anka haɗa su, kwano ɗaya."

"Wanda ke hoton hwarko."

Alhaji ya ce wannan ai yadda Shafi'u ya jera su ne a waya. Baffa ya ce to ɗan ya san abin da ya sa ya jera su haka. Suka sake juyowa gare ni. Na ce bari in duba ko ruwan zafi ya ƙare.

Ina miƙewa sai muryar Mardiyya ta fito daga bayan labule. Tunda aka yi aurenmu ba ta taɓa yin magana Baffa yana ji ba sai gaisuwa.

Ta ce, "A sa na Baba na Aliero."

 Alhaji ya dubi labulen kamar labulen ne ya zage shi. Ya ce, "Mardiyya, ke ce?" Ta ce ita ce. Ya tattara babbar rigarsa, ya yi sallama da Baffa da ladabin da ya fi zagi ciwo, ya fita bai sha shayin ba. Baffa kuwa ya shanye nasa, ya shanye na Alhaji.

A motar Abuja sai da muka wuce Koko sannan na juya gare ta. Na ce, "Kin san biyar ya ci."

Ta ce, "Na sani."

"To don me?"

"Don su tashi su ba ni tabarmina. In munka isa, mai takwas za a sa."

Na ce ai ta yi wa Baffa alkawari a gaban mahaifinta. Ta juyo ta dube ni sosai. Ta ce, "Shafi'u, kowa ya samu takwara, har mai shayi. Akwai wanda ya tambaye ni yadda allurar nan take? Cikin Baba za a sa shi ko nawa?" Wata tsohuwa da ke kujerar bayanmu ta ce, "Gaya mashi, ɗiyata," ba tare da ta san kan maganar ba.

Likita Lubna ta saurari labarin sunayen tana danne dariya da bayan hannu. Ta ce a wurinta mai ciki ce ke da ta cewa, ita kuma shawararta ɗaya da ta na'ura. Aka narkar da Alhaji, aka dasa shi. Abin bai kai daɗewar shan shayi ba. Muka dawo Jega, na buga wa Baffa waya na ce takwaransa ya shiga lafiya. Ya ce a gaya wa Mardiyya kada ta ɗauki ko buta.

Kwanakin jiran nan ni na yi shara, ni na yi wanki, ni na ɗebo ruwa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna kallona ina tankaɗe. Baffa ya aiko da nono da man shanu da zabbi biyu. Daga Maiyama ba a aiko da komai ba. Mardiyya tana kwance tana lissafin abin da za ta saya, tana cewa in mace ce za ta ga yadda Alhaji zai yi da hoton da ya rataye.

Wata safiya ina hura gawayi sai na ji ta kira sunana daga bayan gida. Ba ta saba kiran sunana da ƙarfi ba. Na je na tarar da ita tsaye ta dafa bango. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ce in nemo Keke Napep. Gwajin jini a asibiti ya faɗi abin da ta riga ta sani. Muka buga wa Likita Lubna, ta ce ko mai goma cikin goma yakan ƙi zama, kuma ba laifin Mardiyya ba ne, ba abin da ta ɗauka ko ta ci. Sai a Keken, a hanyar komawa, Mardiyya ta rufe fuska da hijabi. Mai Keken ya kashe waƙar da yake ji.

Washegari Baffa ya zo. Bai shiga ciki ba, ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya ajiye sandarsa a ƙasa. Na taɓa ganinsa ranar da ciwon huhu ya kashe masa shanu, ban ga ya tsufa irin na ranar nan ba.

Ya ce, "Ni na kashe shi."

"Baffa, Allah ne ya..."

"Na san Allah ne. Amma na'ura ta ce biyar, na ce ni na fi ta sani. Yarinyar mutane ta ji kunyata ta bi ni. Ta ɓata da ubanta saboda ni. Ga abin da na saka mata da shi."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki zan ce masa takwaransa yana nan daram a cikin ƙanƙara, yana ɗaure da fuskarsa, wanda ya tafi na Maiyama ne. Sai na ji an buga murfin tukunya a cikin gida, da ƙarfin da murfi ba ya faɗuwa da kansa. Na rufe bakina.

Baffa ya ce, "A koma. A sa na Alhaji, wanda na'ura ta zaɓa. Ni na cire bakina."

Na ce babu abin komawa. Ya ce akwai bijimi.

Bayan ya tafi na shiga na ce wa Mardiyya wannan abu ya yi nauyi, tsohon nan zai kashe kansa da tunani. Tana zaune a bakin gado, idonta a kumbure. Ta ce, "To je ka gaya mashi. Ka ce mun yi mashi ƙarya gaban surukinshi. Ka je Maiyama ka ce wa Alhaji mai takwas ɗinshi ya faɗi. Wane ne cikinsu zai sake yarda a koma? Ɗaya zai ce mun ci amanarshi, ɗaya zai ce na'urar banza ce, shi aiko a ɗauke ni." Ta gyara ɗankwali. "Ina da biyu a Abuja. Ina son in je in ɗauko su."

Ban je ko'ina ba.

Ranar kasuwa ni na ja bijimin zuwa kara. Fari ne mai faɗin ƙirji, Baffa ya raine shi tun yana ɗan maraƙi, yana yi masa magana da Fillanci kamar mutum. Tsofaffin abokan dillancina suka kewaye shi suna neman aibi, ɗaya ya ce kamar yana ɗingishi, na ce uwarka ce ke ɗingishi, aka yi dariya aka shiga ciniki. Baffa ya tsaya nesa ya juya baya har aka sallama. Da aka zo jan bijimin ya ƙi tafiya sai da Baffa ya zo ya yi masa magana a kunne.

Daga kara Baffa bai koma Aliero ba. Ya sa na kai shi Maiyama a mashin, ya shiga shagon Alhaji, ya tsaya a ƙarƙashin hoton nan mai gilashi ya ba shi haƙuri a gaban masu awo. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ba komai, kowa yana kuskure, ilimi ne ba a gardama da shi. Ya nuna hoton ya ce, "Wanga yana nan yana jiranmu." Na dubi hoton, na dubi buhunan gero, na ce bari in duba mashin kada yara su taɓa.

Da jikin Mardiyya ya warware muka koma Abuja. Likita Lubna ta buɗe kwamfuta ta ce saura mai biyar da mai biyu. Na ce, "Saura Baffa da Hamidu." Mardiyya ta ce a narkar da su duka, ba za ta bar ɗaya shi kaɗai a cikin sanyin nan ba. Likita ta yi mata bayanin haɗarin tagwaye, ta ce ta ji. Ba a kai ga wannan ba. Hamidu bai farka ba. Likita ta nuna mana shi a allo, ya ƙara takurewa, ya yi duhu. Baffa kuwa ya buɗe a hankali, da yamutsarsa da komai.

Na tambayi Likita ko na'urar ta canza ra'ayi a kansa. Ta ce a'a, biyar ɗin dai. Ta ce masu biyar da yawa suna makaranta yanzu.

Wannan karon ba wanda ya aiko da zabbi. Baffa ya hana kowa a Aliero yin maganar. Ni ma na daina zuwa teburin shayi, don ban san yadda zan dubi Hamidu ba, ga shi kullum sai ya tambayi lafiyar takwaransa. Da ranar gwaji ta zo Mardiyya ta ce ba za ta je ba, in kai jinin ni kaɗai in an yarda. Ba a yarda ba. Muka je tare. A asibiti wata ma'aikaciya ta fito da takarda tana tafiya a hankali kamar an biya ta don ta ja mana rai, ta ce, "Wace ce Mardiyya Shafi'u? Sai a fara tanadin zannuwa."

Namiji ne. An haife shi da zafin bazara, lokacin da Aliero duk ta cika da warin sabuwar albasa. Ya fito fuska a ɗaure, ungozoma ta ce ba ta taɓa ganin jariri mai fushi da duniya tun bai gan ta ba irin wannan. Mardiyya ta dube shi, ta dube ni, ta ce in na yi dariya ɗinkinta zai buɗe kuma ni zan biya.

Ranar suna Baffa ya zo da rago tun da sassafe. Liman ya tambayi sunan yaro, na matsa zan yi magana, Baffa ya riga ni. Ya ce, "Aminullahi. Sunanshi ke nan tun yana ƙanƙara." Alhaji ya rungume shi. Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya yana cewa kwamfuta ta zaɓa, Allah ya tabbatar.

Da aka kawo jaririn zaure Baffa ya karɓe shi, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce wa Alhaji, "Dubi goshin nan. Naka ne sak." Alhaji ya ce ai tun a hoto ya gani. Yaron ya yamutsa fuska ya tsala ihu, Baffa ya yamutsa tasa yana rarrashinsa, Munir ya tashi da sauri ya fita waje yana tari.

Kafin ya tafi Baffa ya ja ni gefe. Ya ce in tambayi likitar nan ko na'urarta tana duba karsana, don yana son ya fara tara na wani bijimin kuma ya daina yarda da idonsa. Sannan ya rage murya ya ce kullum bayan sallar asuba yana yi wa takwaransa addu'a, wanda bai zo ba. Ya ce in gaya wa Mardiyya ta yafe masa. Na shiga na gaya mata. Tana ba yaron nono, ta ce in ce masa ta yafe tun tuni, kuma ya ci gaba da addu'ar, akwai mai buƙatarta.

Da jama'a suka watse na zauna a kan tabarma cikin ƙasusuwan rago na ƙirga abin da ya tafi. Bijimai biyu. Mashin ɗaya. Ƙwai biyu, mai takwas da mai biyu. Mardiyya ba ta sa shanu da mashin a nata lissafin. In aka tambaye ta, cewa take yi ta haifi ɗaya, ta rasa biyu.